FILIN MANOMA: Dattin Kogin Jakara Da Na Challawa, Da Aikin Gwamnati Na Hana Shi

Da zarar ruwan sama ya ɗauke, an kai amfanin gona rumbu, sai hankalin manoma da yawa ya koma kan lambu. Wanda duk ya bi gaɓar Jakara da rani, daga bayan garin Kano ya nufi wajen Minjibir, zai ga fangula jere, ga latas, ga alayyafo, ga kabeji da karas da albasa, kore shar gwanin sha'awa. Amma in ya sunkuya ya dubi ruwan da ake ba su, sai ya tarar da shi baƙi ƙirin, wani wuri da kumfa, warinsa kuwa tun daga nesa yake tarar mutum. Darasin wannan mako a kan ruwan nan ne. An ɗauki Kano misali don a nan ne lambu da masana'antu suka fi cuɗanya a Arewa, amma mutumin Kaduna ko na Zariya ko na Sakkwato zai ga abin da ya shafe shi a ciki.

INDA RUWAN YA FITO DA INDA YA NUFA

Garin Kano yana zubar da ruwansa ta fuska biyu. Ta arewa akwai Jakara, wadda ta taso daga cikin tsohon birni, ta bi ta gefen Kasuwar Kurmi, ta kwashi ruwan kwatocin gidaje da na mahauta, ta fita bayan gari. A can rafin Getsi ya tarye ta, shi kuwa daga Bompai ya fito, unguwar masana'antu. Su biyu suka haɗu suka gangara madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir, wadda aka gina cikin 1976.

Ta kudu kuwa akwai kogin Challawa. Rafin Salanta yana kawo masa ruwan masana'antun Sharaɗa, masana'antun unguwar Challawa su ma nan suke juye nasu. Challawa ta haɗu da kogin Kano wajen Tamburawa, ruwan ya wuce Wudil, ya zama kogin Haɗejiya, ya ratsa fadamun Haɗejiya da Nguru, ya wuce Gashuwa, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, sa'an nan ya nufi Tafkin Cadi. Watau wanda ya zuba datti a Sharaɗa ba mutanen Kano kaɗai ya zuba wa ba.

Abin lura kuma shi ne, daga kogin nan na Challawa ake ɗebo ruwan famfon Kano tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da En'e ta kafa gidan ruwa na farko. Gidan ruwa na Tamburawa da aka gina daga baya yana gangare da masana'antun. Kome aka zuba a sama, ma'aikatan gidan ruwa ne za su sha wahalar tace shi da kuɗin jama'a.

DATTI BA IRI ƊAYA BA NE

Dattin gida, watau ruwan wanka da na wanki da na masai da jinin mahauta, abu ne mai ruɓewa. Kogi mai gudu yana iya narkar da shi in bai yi yawa ba, don akwai wasu ƙananan halittu cikin ruwa, waɗanda ido ba ya gani, da ke cinye shi. Amma a wajen cin nan suna shanye iskar da ke cikin ruwa, wadda kifi ke numfashi da ita. In datti ya yi yawa iska ta ƙare, sai kifi ya mutu, ruwa ya yi baƙi ya soma ɗoyi. Cikin irin wannan datti ne kuma ƙwayoyin amai da gudawa, da na zazzaɓin taifot, da ƙwan tsutsar ciki suke tafiya har su sauka kan ganyen latas.

Dattin masana'antu ya sha bamban, a kansa ya kamata manomi ya daɗe. Jima tsohuwar sana'a ce a Kano. Majeman gargajiya da toka suke cire gashi, su tausasa fata da kashin tattabara, su jeme ta da bagaruwa. Ruwansu yana da wari, amma duk abin da ke cikinsa daga tsiro da dabba ya fito, kuma yana ruɓewa. Kamfanin jima na zamani kuwa da gishirin wani ƙarfe yake jima, sunansa kuromiyam, don yana gama cikin kwana ɗaya abin da bagaruwa ke daɗewa ba ta gama ba. Fata ba ta shanye maganin nan duka. Wajen kashi ɗaya bisa uku yana saura cikin ruwa, in ba a tare shi ba sai ya bi kwata. Ga kuma gishirin da aka adana fatun da shi, ga maganin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tan ɗaya na ɗanyar fata yakan ci ruwa lita 30,000 ko fiye kafin a gama da shi, ruwan nan kuwa duk da datti yake fita.

To, kuromiyam ba ya ruɓewa, haka dalma da kadmiyam waɗanda ke fitowa daga batir da fenti da wasu rina. Ƙarfe ƙarfe ne ko an narkar da shi. Yakan kwanta cikin lakar kogi, in an ɗebi ruwa an ba lambu ya kwanta cikin ƙasa, bana kaɗan, baɗi kaɗan, yana taruwa. Tsiro yana jan wani abu daga ciki, kayan ganye irin su alayyafo da latas sun fi hatsi ja. Wanda ya ci ba zai faɗi ranar nan ba, shi ya sa mutane ke raina abin. A hankali yake taɓa ƙoda da hanta, dalma kuwa ƙwaƙwalwar yara take ci. Mutanen Zamfara sun ga haka cikin 2010, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400.

Gaskiya ne irin kuromiyam ɗin da ake jima da shi bai kai wani ɗan'uwansa dafi ba, amma yana iya rikiɗa ya zama mugun, wanda likitoci suka tabbatar yana kawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 cikin lita ɗaya ta ruwan sha, dalma kuwa kada ta wuce 0.01. Ga lissafin a sauƙaƙe: giram ɗaya tak na kuromiyam ya isa ya kai ruwa duro 100, mai cin lita 200 kowanne, bakin wannan iyaka.

Gishirin fata shi manomi ya fi saurin gani. Fangalin da ya daɗe yana shan irin wannan ruwa sai a ga fari-fari ya tsatso a kansa, ƙasa ta taurare, iri ya ƙi tsira, ganye ya ƙone a baki-baki.

ABIN DA GWAMNATI TA YI

Hana ɓata ruwa ba sabon abu ba ne. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa addini ya hana yin bawali cikin ruwan da ke tsaye, da yin bayan gida a mashaya. Zamanin En'e akwai duba-gari masu zagaya rijiyoyi da kwatoci suna cin mutane tara. Amma waɗannan duk dattin gida suka tsare. Sa'ad da masana'antu suka yawaita cikin shekarun 1960 da 1970, babu wata hukuma da aka ɗora wa auna abin da ke fita daga kwatar kamfani.

Abin da ya farkar da Gwamnati daga waje ya zo. Cikin 1988 aka gano cewa an kawo sharar masana'antu mai guba daga Italiya, tan fiye da 3,000, an jibge ta a wani fili a garin Koko, cikin Jihar Bendel ta lokacin, inda yanzu yake Jihar Delta. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sa aka kwashe ta aka fitar, kuma kafin shekarar ta ƙare ta yi doka biyu. Doka ta 42 ta ce wanda aka kama da shigo da irin wannan shara ko zubar da ita ɗaurin rai da rai ne hukuncinsa. Doka ta 58 ta kafa hukumar kare muhalli ta Tarayya, wadda aka sani da FEPA.

Cikin 1991 hukumar ta fitar da ƙa'idar da ta fi shafar kogi. Ta ce lalle kowace masana'anta ta kafa na'urar tace ruwan dattinta, ta kuma yanka iyakar kowane irin datti da aka yarda ya fita. Cikin 1992 aka ƙara da cewa ba za a fara wani babban aiki ba sai an bincika ɓarnar da zai yi wa ƙasa da ruwa. Cikin 1999 aka haɗe FEPA cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sa'an nan cikin 2007 aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin dokokin, da ikon shiga kamfani ta bincika, ta rufe shi, ta kai shi kotu. Cikin 2009 ta fitar da ƙa'idodi na musamman ga masana'antun tufafi da na fata, da wasu kuma na kiyaye fadamu da gaɓar koguna.

Idan ana maganar takarda, doka ta wadata. Wahalar tana wajen aiki da ita.

Tace ruwan jima ba asiri ba ne. Ana fara tare gashi da guntayen nama da raga. Ruwan kuromiyam a ware shi daban, a zuba masa wani magani mai sa ƙarfen ya kwanta kamar gasarar koko, a tsiyaye na sama, a narkar da na ƙasa a sake jima da shi. Wannan ma riba ce ga mai kamfani, don maganin da kuɗi ya saye shi. Sauran ruwan a tara shi cikin manyan tankuna, injin yana hura masa iska dare da rana, har ƙananan halittun nan su cinye abin da ke ruɓewa. A nan gizo ke saƙar, don injin hura iska wuta yake ci, inda kuwa wutar lantarki ba ta tsayawa sai a ƙona gas. Mai kamfanin da ke neman rage kuɗin kashewa yana iya gina tankuna don idon ma'aikatan Gwamnati, ya bar injin a kashe, ya saki ruwa cikin dare. Ma'aikacin bincike kuwa sai da mota da mai da kayan awo zai kama shi. In ma an kama shi an rufe kamfani, ɗaruruwan ma'aikata za su zauna gida, dillalan fata da mahauta su ma su koka, sai roƙo ya yi yawa.

Don haka ne masana suka daɗe suna ba da shawarar a gina matata ɗaya babba ga kowace unguwar masana'antu, kowane kamfani ya tura ruwansa can ya biya gwargwadon dattinsa. Gwamnatin Tarayya ta ba da aikin irin wannan matata domin Challawa da Sharaɗa da Bompai daga asusun gyaran muhalli. Shawara ce mai kyau, amma gini shi ne mai sauƙin. Abin da za a auna matata da shi shi ne ko tana juyawa kowace rana, da wanda ke biyan kuɗin wuta da magani bayan an watse daga bikin buɗewa.

Ita kuwa Gwamnatin Jihar Kano, a zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, ta fara aikin rufe Jakara cikin gari a shimfiɗa titi a kanta, wanda mutane ke kira Wuju-Wuju. Rufe kwata yana rage wari da sauro da zuba shara a unguwannin da ta ratsa, wannan alheri ne ga mazauna wurin. Amma ruwan da ya shiga ƙarƙashin titi da datti, da dattinsa zai fito a bakin lambu.

Wani zai ce, me zai hana a kori masu lambu daga bakin ruwan nan kawai? Ba ya yiwuwa, kuma ba adalci ba ne. Da rani ruwan kwatar gari shi kaɗai ne ba ya yankewa, kuma dattin gidan da ke cikinsa taki ne, yana rage wa mai lambu sayen takin zamani. Dubban magidanta da shi suke ci da iyali, kasuwar 'Yankaba da wasunta kuma suna samun kaya daga gare su. Ba su suka ɓata ruwan ba, tarar da shi suka yi. Datti a bakin kwatar kamfani yake da arhar tarewa, sa'ad da yake wuri ɗaya cikin ruwa kaɗan. In ya riga ya bazu cikin lakar kogi da ƙasar lambu mil da yawa, babu baitulmalin da zai iya tsince shi.

KACALLA A ƘASAN KOGI

Kiyaye kogi ba hana datti kaɗai ba ne, har da kiyaye hanyarsa. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano cikin 1974, ta Challawa a ƙasar Ƙaraye cikin 1992, hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are kuwa tana cikin waɗanda aka kafa 1976. Madatsun nan sun kawo noman rani mai yawa a Kadawa da Kura, ba mai musun wannan. Amma sun sāke halin kogi. Dā yakan cika da damina ya malale fadamu, ya ƙafe da rani. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kacalla ta sami abin da take so, watau ruwa marar zurfi wanda ba ya bushewa. Ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗejiya da Nguru, laka ta taru, wasu gonaki suka nutse, wasu kuma wajen Gashuwa ruwa ya daina isa gare su sosai. Tsuntsun jan-baki mai cin gero da shinkafa ya sami maɓoya a ciki.

Cikin 2000 aka sa tafkin Nguru da hanyar ruwa ta Marma cikin jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye. Cikin 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo ya yi taro a Damaturu da jihohi shida da kogin ya shafa, watau Kano, Jigawa, Yobe, Barno, Bauchi da Filato, aka kafa asusu na tarayya don gyaran kogin. An yi ta yashe hanyoyin ruwa da injuna, mutanen garuruwa kuma suna fita gayya da lauje da adda. Kacalla kuwa a yanke ta ƙarƙashin ruwa ya fi, don ruwa ya shiga kututturen ya ruɓar da shi. Wadda aka sare a sama nan da nan take tohowa.

RABON MANOMI DA MASUNCI

Ba kamfani kaɗai ke da laifi ba. Manomin da ya gama feshi ya wanke famfonsa cikin rafi, ko ya jefa kwalbar magani a gaɓa, shi ma ya zuba guba. A wanke famfo nesa da ruwa, a juye ruwan wankin cikin gonar da aka fesa. Kwalba a ɗauraye ta sau uku, a huda ta don kada yaro ya ɗauka ya sha ruwa da ita. Takin zamani da aka watsa daf da saukar ruwa mai ƙarfi, wani sashensa kogi yake tafiya, manomi ya yi asarar kuɗi, kogi kuma ya cika da kainuwa da gansakuka. A binne taki gindin shuka ya fi. Kada kuma a yi noma har bakin gaɓa. A bar ɗan fili na ciyawa da itatuwa, su riƙe ƙasa, su tace ruwan da ke gangarowa daga gona.

Masunta kuwa su sani dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya ko wutar lantarki. Gamalin, wanda wasu suka riƙa zuba wa ruwa, yana kashe babba da ƙarami har ƙwai, kuma cikin 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda za a daina yi da sayarwa. Sarkin ruwa yana da ikon hana wannan a mashayarsa tun kafin ma'aikaci ya iso.

Mai lambun da ba shi da wani ruwa sai na kwata yana iya rage cuta da dabaru marasa tsada, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cikin 2006. Ya haƙa rami a gefen lambu ya tara ruwa ya kwana, laka da ƙwan tsutsa su kwanta, ya ɗebi na sama ba tare da ya dama ba. Ya kora ruwa ta ƙasa cikin kunya, kada ya watsa kan ganye. Ya tsai da ban ruwa kwana biyu ko uku kafin ya cire kaya, rana ta kashe ƙwayoyin cuta. Kada a wanke latas da karas cikin ruwan kogin, sai da ruwan rijiya ko na famfo. Amma fa dabarun nan ƙwayoyin cuta suke ragewa, ba sa fitar da ƙarfen da tsiro ya riga ya ja. Inda ruwan masana'antu ya fi ƙarfi, kamar bakin Getsi da Salanta, gara a rage kayan ganye, a kuma guji ɗebo lakar kwata a zuba a fangali da sunan taki.

In ruwa ya sāke launi farat ɗaya, ko aka wayi gari kifi na yawo matattu, kada a tsaya gunaguni a majalisa. A cika kwalba mai tsabta da ruwan, a rufe, a rubuta rana da lokaci da wurin da aka ɗiba. Masu lambun wurin su haɗu su sanar da mai unguwa da dagaci, sa'an nan a kai takarda Ma'aikatar Muhalli ta Jiha da ofishin NESREA, a karɓi shaidar cewa an kai, a ajiye kwafi ɗaya wurin shugaban ƙungiya. Malamin gona na yankin yana iya taimakawa wajen rubutun, da nuna inda za a kai ƙasar lambu a auna ta.